Ranar Tashi Daga Gidan Haya: Haƙƙin Mai Gida Da Haƙƙin Ɗan Haya

Wata Lahadi a daminar 2024, bayan an tashi daga Misa ta biyu, wata mata ta tare ni a bakin ƙofar coci. Ta kwance gefen zanenta ta fito da wata takarda da ta naɗe don kada ruwa ya taɓa ta, ta miƙo mini ta ce, "Fada, ka karanta wannan, ka gaya mini ko Kirista yana yi wa Kirista haka." Gwauruwa ce, tela, da 'ya'ya huɗu. Takardar kuwa notis ce da mai gidanta ya rubuta da hannunsa, ya ba ta wata ɗaya ta kwashe kayanta, domin wai ɗansa zai yi aure, yana bukatar ɗakin. Shekararta goma sha ɗaya a ciki da falon nan. A nan ta haifi autarta, a nan kuma aka fitar da gawar mijinta. Haya ce ta shekara-shekara, amma ga shi an ci wata takwas cikin sabuwar shekara ba ta biya ko kwabo ba. Ta ce ya kuma yi rantsuwa zai riƙe keken ɗinkinta sai ta biya.

Ranar Talata da safe sai ga mai gidan da kansa. Ban aika a kira shi ba, ji ya yi an ce an kai ƙararsa wurin Fada. Dattijo ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ya zuba kuɗin sallamarsa duka ya gina ɗakuna shida. Shi ma ɗan Ikilisiyarmu ne, benci uku ke tsakaninsa da matar a kowace Lahadi. Bai fara da gaisuwa mai tsawo ba. Ya juye wata leda a kan teburina, rasit na asibiti da kwalayen magani na matarsa suka zubo, sa'an nan ya ce, "Fada, gidan nan shi ne gonata. Ba ni da wata. Idan ba a biya ni ba, a ina zan samo na wannan?"

Na nemi izinin su biyun kafin in rubuta wannan, kuma babu abin da na ji a wurin furta zunubi a cikinsa. Na rubuta ne domin maganarsu ta ƙi barina, kuma na san a kowace majami'a ta wannan dayosis akwai masu gida da 'yan haya da ke durƙusawa gefe da gefe, kowa da abin da ke cin ransa game da ɗan'uwansa.

Ya kamata in faɗi inda nake tsaye. Ni firist ne, ban taɓa biyan haya da kuɗin aljihuna ba. Gaskiya ne wasiƙar Bishop tana iya tashina daga gida cikin 'yan makonni, amma duk inda aka tura ni akwai ɗaki yana jirana, wani lokaci har da abinci a kan tebur. Don haka wanda ya ce Fada bai san zafin abin ba, bai yi ƙarya ba. Abin da na sani na koya ne ina yaro, domin mahaifina ɗan haya ne har ya tsufa, kuma na tuna ranar da muka ɗora tabarmi da tukwane a kan amalanke mutanen unguwa suna kallo. Sauran na koya a ofishin coci, wurin sauraron mutane.

Zuciya takan yi saurin bin gwauruwa, tawa ma ta bi. Amma tilas mu fara da abin da zuciya ba ta son ji: gidan na dattijon ne. Ikilisiya ba ta taɓa koyar da cewa mallakar dukiya zunubi ba ce. Waliyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya kawo dalilai uku da suka sa ya halatta mutum ya ce wannan nawa ne: mutum ya fi kula da abin da yake nasa, al'amura sun fi tafiya da tsari idan kowa ya san abin da ke wuyansa, kuma an fi samun zaman lafiya idan kowa ya san iyakarsa. Paparoma Leo na 13 ya sake tabbatar da wannan a wasiƙarsa ta 1891 kan halin ma'aikata, inda ya nuna cewa abin da ma'aikaci ya tara daga ladansa ya saya ƙasa da shi, ladansa ne ya canza kama. To, ɗakunan nan shida shekaru ne na tashin asuba da baƙin mai a hannu, suka zama bulo da kwano. Wanda ya zauna a ciki bai biya ba, guminsa yake ci.

Kuma kada mu manta da halin da ƙasa ta shiga. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, farashin kome ya tashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Siminti da kwano da katako ba su san cewa mai gida ɗan fansho ba ne. Kuɗin hayar da ke ciyar da gida a 2020, a 2024 ko magani bai isa ya saya ba. Mutane da yawa idan sun ji an ce mai gidan haya, sai su hango wani attajiri mai benaye a Abuja. Yawancin waɗanda na sani ba haka suke ba. Tsofaffin malaman makaranta ne, da tsofaffin sojoji, da gwauraye mata da miji ya bar wa ɗaki uku da marayu biyar.

Sai dai Waliyi Toma bai tsaya a nan ba. Ya raba tsakanin mallakar abu da amfani da shi, ya ce a wajen amfani mutum ya riƙe abinsa kamar na kowa ne, yana shirye ya buɗe hannu ga mai bukata. Wannan koyarwa ta samo asali daga Littafin Firistoci sura 25, inda aka hana Isra'ilawa sayar da ƙasa har abada, domin ƙasar ta Allah ce, su kuwa baƙi ne a kanta. Idan muka ɗauki wannan da gaske, mai takardar mallaka ma zaman haya yake yi, kuma akwai ranar da za a karɓi makulli daga hannunsa ba tare da notis ba. Paparoma Yohana na 23, a wasiƙarsa ta 1963 kan zaman lafiya a duniya, ya lissafa matsuguni tare da abinci da tufafi cikin abubuwan da kowane ɗan Adam yake da haƙƙi a kansu. Ga haƙƙoƙi biyu ke nan, dukansu na gaskiya, sun haɗu a kan ɗaki ɗaya.

Me ake sayarwa a haya? Ba ɗakin ba ne, domin ɗakin yana nan a hannun mai shi. Abin da ɗan haya yake saya shi ne zama na wani lokaci. Amma abin da ke faruwa cikin wannan lokaci ya wuce abin da aka rubuta a rasit. Ga mai gida, ɗaki na uku daidai yake da ɗaki na huɗu, kowanne kuɗi kaza ne a shekara. Ga wadda ta zauna shekara goma sha ɗaya, ɗakin nan shi ne inda masu kawo ɗinki suka san za su same ta, shi ne kusa da makarantar yara, shi ne inda maƙwabciya take riƙe mata jariri, inda mai shago yake ba ta bashin gari domin ya san fuskarta. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a gidan haya wanda ke kwana a ciki shi ne ya sani. Ranar da haya ta ƙare, mai gida yakan rasa kuɗin wata biyu ko uku kafin ya sami wani. Ɗan haya kuwa dukan wannan saƙa da ya yi shekaru yana yi ita ke warwarewa. Nauyin rabuwar bai zama ɗaya a kafaɗun su biyu ba, kuma duk hukuncin da ya manta da wannan bai cika adalci ba.

Saboda haka nake ganin babban bashin da ke kan mai gida a ranar rabuwa shi ne wa'adi. Yana da ikon karɓar ɗakinsa, amma ba a kowace sa'a ba, ba kuma ta kowace hanya ba. Mutum ba ya ƙirƙiro sabon matsuguni cikin mako huɗu, balle a garuruwan da ake neman kuɗin shekara guda ko biyu a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya, ga kuɗin ajiya na ɓarna. Wa'adi shi ne abin da ke ba talaka damar ya fita da ƙafafunsa, maimakon a jefa shi waje.

Dokar ƙasa ma ta gane wannan, kuma abin mamaki ne yadda mutanenmu da yawa, masu gida da 'yan haya, ba su san abin da ta tanada ba. A Abuja da Legas da jihohi masu yawa, idan babu wata yarjejeniya dabam da aka ƙulla tun farko, mai biyan haya mako-mako ana ba shi notis na mako ɗaya, mai biya wata-wata notis na wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku notis na wata uku, mai biya shekara-shekara kuwa notis na wata shida. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi takarda ta kwana bakwai da ke sanar da shi cewa mai gida zai tafi kotu. Bayan haka alƙali ne zai yanke hukunci, ma'aikatan kotu ne kuma za su fitar da shi. Inda aka rubuta cewa hayar ta wani ƙayyadadden lokaci ce, ranar kaza zuwa ranar kaza, cikar ranar ita ce ƙarshen hayar, sai dai takardar kwana bakwai da zuwa kotu suna nan. Kowace jiha tana da dokarta, bashin haya mai yawa kuma yana iya canza lissafin, don haka wanda abin ya shafa ya nemi lauya, ko ya je ofishin Hukumar Adalci da Zaman Lafiya na dayosis kafin ya ɗauki mataki. Abin da na faɗa wa dattijon ke nan, kuma ya yi shiru da ya ji cewa notis ɗinsa na wata ɗaya ba lalle ya tsaya a gaban alƙali ba.

Amma doka ƙasan bene ce, Kirista ba ya kwana a nan ya ce ya hau. Akwai mai cika wata shidan daidai, ya kuma shirya ranar ta faɗo a makon jarrabawar yara, ko lokacin da matar gidan take wata tara. Alƙali ba zai kama shi ba. Lamirinsa kuwa, idan yana da rai, ya san abin da ya yi.

Mafi muni shi ne ɗaukar doka a hannu, kuma duk mun gani. A kwashe kwanon ɗaki a tsakiyar Agusta. A yanke wuta, a kulle rijiya, a sa kwaɗo a makewayi. A cire ƙofa a ce za a kai gyara. A tara samarin unguwa su watso kaya waje mai ɗakin yana wurin aiki. Dokar haya da Legas ta kafa a 2011 ta mai da irin wannan laifi mai hukuncin tara ko ɗauri, kotunan ƙasar nan kuma sun daɗe suna tsawatawa a kansa. A 1985 gwamnatin soja ta Jihar Legas ta aika da jami'ai ɗauke da makamai suka fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi, alhali maganar gidan tana gaban kotu. Gardama ce kan mallaka, ba haya ba, amma a 1986 Kotun Ƙoli ta ƙi biya wa gwamnatin bukatarta, ta kuma nuna mata cewa ko mai mulki da bindiga ba shi da ikon zama alƙalin kansa. Idan an hana gwamna, ina ga mai ɗaki shida?

Tun kafin kotunanmu, Shari'ar Musa ta yi wannan iyaka, da tausayin da har yau yake ba ni mamaki. A Maimaitawar Shari'a sura 24 an umarci mai bin bashi ya tsaya a waje, kada ya shiga gidan wanda yake bi don ɗauko jingina, sai shi mai gidan ya fito masa da ita. An hana karɓar dutsen niƙa a matsayin jingina, domin da shi iyali suke ci. An hana karɓar tufafin gwauruwa. Ku lura, ba a ce bashin ya faɗi ba. Ana bin sa, za a kuma biya. Abin da aka tsare shi ne bakin ƙofar matalauci da abin neman abincinsa. Da na buɗe wa dattijon wannan sura, na tambaye shi, "Baba, keken ɗinkin nan, ba shi ne dutsen niƙanta ba? Idan ka riƙe shi, da me za ta biya ka?" Ya ce shi ma faɗa kawai ya yi don ta ji tsoro.

Daga nan muka zo kan maganar auren. Na san ɗan nasa, yana karatu a wata jiha, ko budurwa ban ji an ce yana da ita ba. Na ce, "Baba, yaushe ne bikin, in sa a kalandar coci?" Ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce babu wani biki. Dillali ne ya kawo masa wani mutum da zai biya ninki biyu, kuma na shekara biyu a take.

Wannan ƙarya ta zama ruwan dare har mun daina jin ta a matsayin ƙarya. Ɗana zai yi aure. Ƙanena zai dawo daga Legas. Zan rushe in yi gyara. Bayan wata guda sai a ga an shafa fenti, baƙo ya shiga. Mutane sukan ce ai don a rage zafin magana ne, don kada a kunyata ɗan haya. Ni ban yarda ba. Doka ta takwas ba ta da rangwame ga masu gidan haya, kuma ƙaryar tana da ɓarna ta zahiri. Da an gaya wa matar nan gaskiya, cewa kuɗin ya yi kaɗan, ga wanda zai ba da kaza, da ta sami damar ta ce za ta ƙara wani abu, ko ta nemi 'yan'uwan mijinta, ko ta roƙi a mai da ita ƙaramin ɗakin baya. Maganar aure ta rufe duk waɗannan ƙofofi, domin wa zai yi ciniki da auren ɗan mutum? Ƙarin kuɗin haya ba zunubi ba ne idan ya bi tsadar zamani. Yakan zama zalunci sa'ad da aka ɗora shi da gangan yadda ba za a iya ɗauka ba, don ya zama kora. Paparoma Leo, a wasiƙar nan tasa, ya yi gargaɗi cewa yardar da tsananin bukata ko tsoro suka tilasta ba ta wanke sharaɗi marar adalci. A kan lada ya yi maganar, amma ta dace da wanda ya sa hannu a takardar haya domin ba shi da inda zai kwantar da yaransa a daren.

Yanzu bari in juya ga 'yan haya, domin ku ne mafi yawa a bencinan coci, kuma ba zan yi muku adalci ba idan na shafa muku mai kawai. Manzo Bulus ma ɗan haya ne: ƙarshen Ayyukan Manzanni ya nuna mana shi shekara biyu cur a Roma, a gidan da yake biyan kuɗinsa. Zaman haya ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne yadda waɗansu suke fita. Akwai mai ɗaure kaya da tsakar dare ya sulale da bashin shekara. Akwai mai barin kuɗin wuta ya taru, wanda ya shigo bayansa ya gāji duhu. Akwai mai kwance fanka da makunnin wuta da ba shi ya sa ba, ko ya bar bango da masai yadda ko dabba ba za ta so ba, wai don ya rama. Akwai kuma wani ra'ayi da ya yaɗu, cewa da zarar an ba ka notis, watanni shidan nan kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Kowace rana da ka kwana a ɗakin mutum akwai kuɗinta, a gaban kotu da gaban Allah. Doka ta bakwai ta hana sata, kuma riƙe abin wani ba da yardarsa ba sata ce ko da ba a fasa ƙofa ba. Ikilisiya tana koyar da cewa tuba daga irin wannan ba ya cika sai da niyyar mayarwa gwargwadon iko. Wanda ya gudu da kuɗin haya shekara biyar da suka wuce, yana zuwa karɓar Jibi Mai Tsarki kowace Lahadi, bashin yana nan yana jiransa.

Haka kuma wa'adin da doka ta bayar don kare mai rauni, waɗansu sun mai da shi makami. Ɗan haya mai hali yakan ɗauki lauya ya yi ta neman kuskuren kwanan wata a takardar notis, a kori ƙarar, a sake farawa, shi kuwa yana zaune ba ya biya. A 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata shari'ar haya daga Legas wadda ta shafe fiye da shekara ashirin tana yawo a kotuna, aka kuma yi tir a cikin hukuncin da masu fakewa da ƙananan kurakuran notis don su ci gaba da riƙe dukiyar mutane. Masu irin wannan hali su ne suke sa masu gida su taurare, su nemi kuɗin shekara biyu, su ƙi mai iyali. Talakan da bai san ƙofar lauya ba shi ke biyan kuɗin wayonsu.

Ita ma gwauruwar ba ta fita ba laifi ba, na kuwa faɗa mata. Wata takwas tana kauce wa dattijon, idan ta ji muryarsa a tsakar gida sai ta ja labule. Kunya ce, na sani, ba mugunta ba. Amma shi abin da ya gani raini ne. Da tun watan farko ta je ta durƙusa ta ce, "Baba, ba ni da shi yanzu, ga abin da zan iya kawowa kowane wata," da wataƙila dillalin bai sami kunnen da zai raɗa wa magana ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ɓuya ce ke mai da shi gaba.

Akwai wata irin kora da ban so in wuce ba tare da na ambata ba. Ina ɗalibi a makarantar horon firistoci aka yi rikicin Kaduna na Fabrairu 2000, aka sake wani a Nuwamba 2002, kuma mun ga yadda garin ya rabu, Kirista da yawa suka koma kudancin kogi, Musulmi da yawa suka koma arewa. Jos ma ta ga irin wannan bayan Satumba 2001. Da yawa tsoro ne ya tashe su, ba wanda zai zarge su. Amma akwai waɗanda ba su yi niyyar tashi ba, mai gida ne ya ce ba ya son irinsu kuma, bayan shekaru ana cin abincin sallar juna da na Kirsimeti. An yi wa namu haka, namu ma sun yi wa waɗansu. Ɗan Katolika da ya ba mai biya a kan lokaci, mai zaman lafiya, notis saboda addininsa ko ƙabilarsa kawai, ba zai sami mafaka a koyarwar Ikilisiya ba, ko da takardarsa ta cika wata shida.

Tambaya mafi wuya ita ce ta wanda da gaske ba shi da abin biya, ba yau ba, ba gobe ba. Shin wajibi ne mai gida ya riƙe shi har abada? A wajen adalci, a'a. A wajen ƙauna, wajibin yana bin ƙarfin mutum. Mai gidaje goma da ya kori gwauruwa saboda kuɗin da ba zai ji rashinsa ba, ya karanta misalin bawan nan marar gafara a Matiyu sura 18 ya ga fuskarsa. Amma dattijon da ke zaɓa tsakanin kuɗin haya da maganin matarsa, ba ni da ikon ɗora masa abin da ni ban ɗauka ba. Muna da saurin yin wa'azin jinƙai da aljihun wani. Idan mu ɗari biyar muka taru muka ce wa tsoho ɗaya ya yafe, sa'an nan kowa ya koma gida da kuɗinsa, mun ɗora masa shi kaɗai nauyin da yake na jama'a duka. Ƙungiyar Waliyi Vincent de Paul, wadda Frederic Ozanam da abokansa suka kafa a Paris a 1833, ta fara ne da ziyartar matalauta a ɗakunansu, kuma a ganina babu aikin da ya fi dacewa da ita a garuruwanmu kamar tsayawa tsakanin mai gida da ɗan haya kafin magana ta kai kotu.

Mu ma shugabannin Ikilisiya masu gida ne, kada mu manta. Muna da shaguna a jikin katangar coci, muna da gidajen malamai da na katekis. Sa'ad da katekis ya rasu bayan shekara talatin yana hidima, wata nawa muke ba matarsa kafin sabon ya shigo, kuma ina muke tsammani za ta tafi? Na taɓa zama a kwamitin da ya yanke irin wannan hukunci cikin minti goma, tsakanin maganar janareta da maganar bikin girbi, ban kuwa ɗaga hannu na ce kome ba. Har yau ina tunawa.

Ga yadda maganar mutanen nan biyu ta kasance. Mun zauna mu biyar a ofishina, su biyu, da ni, da shugabar Zumuntar Mata, da wani lauya ɗan Ikilisiya da ya zo kyauta. Dattijon ya faɗi gaskiya a gabanta game da auren, abin da na san ya fi masa biyan kuɗi wuya. Ta yi kuka, ta ce da ya faɗa mata tun farko. Aka lissafa, aka ga ko an yi mata ragi ba za ta iya sabon kuɗin ba, don haka tashi ya zama dole. Ya yage takardarsa ta wata ɗaya, lauya ya rubuta sabuwa har ƙarshen zangon karatu na biyu, don kada a cire yaran a tsakiyar zango. Ya yafe wata uku daga cikin takwas ɗin. Mata suka tara kuɗin wata biyu. Sauran ukun, da na watannin da za ta ƙara zama, ta ɗauka za ta riƙa biya kaɗan-kaɗan, aka rubuta, kowa ya sa hannu. Mutumin dillali bai jira ba, ya sami wani wuri, dattijon kuma ya yi asarar kuɗin shekara biyun nan da ya riga ya gama lissafin abin da zai yi da su. Bai ɓoye mini cewa abin ya yi masa ciwo ba.

Ta tashi kwana huɗu kafin ranar, zuwa ɗaki ɗaya a bayan gari, nesa da kasuwa, inda masu kawo ɗinki ba su kai rabin na dā ba. Ta share ciki da falon, ta sa an toshe ramukan ƙusoshi a bango, ta kai masa makulli har gida. Yanzu saura kuɗin wata ɗaya da rabi a kanta. Tana kawowa ofishina a ambulan, ni kuma in miƙa masa in karɓo rasit, domin har yanzu gaisuwarsu ba ta wuce ina kwana ba.